Burtu Mai Waya

"Halliru ne ya ɓata mini barewa, ranka shi daɗe. Shi ya koya musu wayo."

Inna Habi ta faɗi haka tun ba ta gama tuɓe takalmi a ƙofar zauren mai gari ba. Gonar wakenta ce ƙarshen gonaki ta wajen dajin Gangara, barewa huɗu kuwa sun mai da ita akushinsu. Ta kira Halliru maharbi, ya zo da bindigarsa, ya ɗaura kan burtu a goshi yadda ubansa yake yi, ya duƙa yana tafiyar tsuntsu. Saura kaɗan ya kai gare su, sai wayarsa ta ɗau ruri a aljihu.

"Tun ran nan," in ji ta, "ko daga Bafarawa ya tada babur ɗinsa sun sani. Kafin shi iso babu ko ɗaya. Ya juya baya, sun dawo."

Halliru, da ke zaune a gefen zauren, ya sunkuyar da kai. "Inna, dabba ba ta koyon komai. Iska ce ke kai musu warina."

"To ni ba ni da wari? In na tafi da sandata, uwarsu ɗago kai take yi ta dube ni, ta ci gaba da tauna. Ta san ba ni iya gudu. Shekaranjiya burtu na gaske ya sauka, ko motsi ba su yi ba. Kai ne kaɗai burtun da ke tari."

Mai gari ya kai bakin rawani ga bakinsa, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu murya ya ce, "To Inna, mi kike so a yi?"

Ta riga ta gama lissafinta tun a hanya. Waken saura kwana goma a rore shi.

"Tunda shi kaɗai suke tsoro, shi zo shi zauna mini tsakiyar gona, hantsi har faɗuwar rana, da burtunsa da wayarsa. Kada shi harbi komai, dama bai iya ba. Fura ni za ni kawo mai."

Halliru ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ban ƙare ba. Kunyoyin wake shida sun cinye ƙarƙaf. Barewa ba ta zuwa zaure, ranka shi daɗe. Ga malaminsu nan zaune, shi amsa, shi biya."