Gadar da Ta Zama Teburin Shayi

Tsakanin dandamalin tashar da ƙofar jirgin ƙasa akwai wani rami da mai ƙafa ke tsallakewa bai ma sani ba. Ga Inna Mai Ɗinki kuwa, da ta shekara da shekaru a keken guragu, ramin nan kogi ne. Tashar tana da gadar ƙarfe da ake shimfiɗa wa irinta, amma doka ta ce sai ka sanar tun jiya.

Ita kuwa da safen nan surukinta ya bugo waya: 'yarta tilo tana naƙudar fari a asibitin birni, ba abin da take kira sai Inna.

Shugaban tasha ya saurare ta yana kaɗa makullai a yatsa.

"Baiwar Allah, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Da kin faɗa jiya."

"Ranka ya daɗe, naƙuda ta taɓa aiko maka da saƙo tun jiya?"

Ya ɗaga kafaɗa. Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe, masu sammakon aiki suka dunguma ciki. Wasu 'yan dako suka taso da zuciya ɗaya.

"Inna, kawo mu ɗaga ki da keken gaba ɗaya."

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana, amma kada wanda ya taɓa ni."

Ba girman kai ba ne. Bara haka aka ciccibe ta kamar buhun siminti, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗaukar ta zame, ta kife a dandamali zaninta ya yaye a gaban jama'a. Ƙugu ya warke, kunyar ce har yau ba ta warke ba.

Sai ta murza tayoyi har bakin ramin, ta zaro sandar awon yadi da ba ta rabuwa da ita, ta tokare ƙofar jirgin. Ƙofa ta zo rufuwa ta koma. Ta sake zuwa, ta sake komawa. Jirgin kuwa ba ya motsi muddin ƙofa a buɗe take.

Nan fa tasha ta kaure.

"Haba Inna, za mu makara!" in ji wani mai jakar ofis.

"Ɗana, ni kullum a makare nake, ban ga ka taɓa damuwa ba."

Ta ƙara tokare ƙofar da sandar. Ta san duk jinkirin nan daga lokacin 'yarta ake yankarsa, kuma abin yana cin ranta ƙwarai. Amma tura ta kai bango. Mai usur ya hura har wuyansa ya kumbura, direba ya leƙo yana faɗa, ita ko gezau.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke tsaye a bakin ƙofa ta dubi shugaban tasha ta ce, "Malam, wai ina gadar take ne? Ɗauko ta ai ya fi wannan hayaniyar sauƙi."

Ya soma kame-kame. Mai shara ce ta fasa ƙwai, tana jingine da tsintsiyarta.

"Tana ofis, a kan durom biyu. A kanta suke shan shayi."

Dariyar da ta ɓarke a jirgin har mai jakar ofis sai da ya dara. Shugaban tasha da kansa ya kinkimo gadar yana gumi, duk shatin gindin kofuna a jikinta, sukari ya manne a gefe. Ya shimfiɗa. Inna ta janye sandarta, ta gyara ɗankwali, ta hau a hankali, da hannunta, ba mai turawa.

Daga ciki ta waiwayo.

"Ranka ya daɗe, tunda sanarwa kake so: gobe ina tafe, jibi ma haka, har ranar da zan daina numfashi. Na faɗa maka tun yau. Ku nemi wani teburin."

Ƙofa ta rufe. Wayarta ta yi ƙara, muryar 'yarta ce a shaƙe da nishi.

"Inna, kina ina?"

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

"Ina cikin jirgi, 'yar nan. Daure, ga ni nan."