Tunkiya Mai Shuɗin Fenti

Jumare bai ga tunkiyar ba sai da ya ji ta a jikin mota. Ya taka birki, tukunyar miya ta kife a baya, Rabe da ke gyangyaɗi a gefensa ya farka da salati.

Kwanansu uku ke nan suna yawo a can ƙuryar arewacin Scotland, inda hanya ɗaya ce siririya, ba gida ba bishiya, sai duwatsu da tumakin da ba su san ciwon kansu ba. Rabe ne ya kitsa tafiyar. Da aka rufe cibiyar matasan da yake aiki a unguwar Handsworth, ya tashi da tantuna biyu da zaman banza, sai ya biyo ta Levenshulme, unguwar su Jumare, ya ɗauki abokinsa, wai ya sha iska ya daina ƙirga kwanaki. Shi kuwa Jumare dole ya ƙirga. Saura wata biyu ya cika shekara goma a ƙasar ya nemi takardar zama ta dindindin, kuma lauyarsa ta ja masa kunne: ko sunansa kada ɗan sanda ya sani.

Tunkiyar na kwance a bakin hanya da shuɗin fenti a gadon bayanta. Ƙugunta ya karye, ƙafafun gaba ne kawai ke shure-shure. Jumare na ganin idonta ya san ba za ta kai la'asar ba.

Bai tsaya tunani ba. A garinsu, in direba ya buge dabba, yakan yi maza ya yanka kafin ta zama mushe, sannan ya nemi mai ita, a rage masa asara, a kuma ce direban ɗan halak ne. Ya zaro wuƙar yanka albasa, ya juya tunkiyar gabas, ya yi bisimilla.

Yana ɗagowa da jini har gwiwar hannu sai ga wani Bature a kan keke. Mutumin ya rage gudu, ya dubi wuƙar, ya dubi lambar mota, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya ƙara gaba.

"Inna lillahi! Mutumina, me ka yi?" in ji Rabe, hannu a ka.

"Mushe za ta zama."

"Mushe? Nan ka ga mahauci? Baƙi biyu, wuƙa, tunkiyar mutane! Ka san me za su rubuta? Shiga mota. Ba network a nan, kafin ya samu mun yi nisa."

"Ya ɗauki lambar."

"Motata ce. Ni ina da passport ɗin ƙasar nan, in ce ni ne. Kai fa? Safiyatu da yara fa? Application ɗinka fa?"

Nan tsoro ya kama Jumare sosai. Gaskiyar Rabe ce, kuma abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya tuna matarsa Safiyatu da jakar takardun da take ɓoyewa a saman kabad kamar gwal. Amma ya yanka dabbar mutum da sunan Allah, ya bar ta a titi ƙudaje su ci? Wannan kam ya kasa haɗiye shi.

"Kama mini ƙafafun," ya ce.

Suka shimfiɗa tanti ɗaya a but ɗin mota suka ɗora ta. Mil shida suka yi, Rabe na mita, kafin su ga wani farin gida da tumaki masu irin fentin nan. Wata dattijuwa mai takalmin roba ta fito, ta ce sunanta Alice. Ta leƙa but ɗin, ta daɗe tana duban wuyan tunkiyar.

"Wa ya yi wannan?"

Rabe ya buɗe baki, Jumare ya riga shi. "Ni ne. Ni na buge ta, ni na yanka." Ya shiga yi mata bayani da Turancinsa na ofis, yana jin yadda maganar ke lalacewa tun kafin ta fita.

Alice ta shafa bayan tunkiyar, ta taɓa inda ya karye. "Ka rage mata wahala. Likitan dabbobi sai ya yi awa biyu kafin ya iso." Ta ɗago. "Amma mai keken nan ya tsaya ya ari wayar gidana, ya kira 'yan sanda. Bana an yanka mana bakwai a daji an kwashe naman. Suna hanya."

"Yaushe za su iso?" in ji Rabe.

"An rufe ofishinsu na nan tun bara. Daga gari za su taso, awa ɗaya da rabi." Ta miƙo takarda da biro don direban ya rubuta sunansa. "Zan gaya musu da ƙafarka ka kawo ta. Abin da za su rubuta kuma, ban sani ba."

Rabe ya karkaɗa makullin mota a hankali, yana duban hanyar da ta miƙe fayau ba kowa. Jumare ya gane sarai. Ya karɓi biron ya rubuta sunansa, duka ukun, yadda suke a fasfo, da adireshin gidansa na Stockport Road. Yatsansa ya bar jan tabo a gefen takardar.

"Naman fa?" ya ce. "Gara a feɗe da wuri, kada ya lalace."

Alice ta dube shi da tausayin da ya fi zagi ciwo.

"Ba mai ci, ɗana. Doka ta hana. Ran Litinin mota za ta zo ta ɗauka a ƙone."

Jumare ya dubi hannuwansa. Jinin ya fara bushewa, yana jan gashin hannu. Ya tambaye ta inda famfo yake, don la'asar ta yi.