Bakin Zakariya Ya Ƙi Tsayawa

An soke jarrabawar Zakariya saboda bakinsa yana motsi. Bai saci amsa ba, bai shiga da takarda ba, ba wanda ya raɗa masa komai.

Zakariya taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. A Tibiri yake zaune da matarsa Zuwaira da ƴaƴansu. Aikinsa kula da ordinatar, wato kwamfutoci, na wani furoje, shirin kiwon lafiya. In ta likitar Dumega, wato asibitinsu, ta ƙi tashi, shi ake kira. In rezo, wato layin sadarwa, ya yanke a wani ƙauye, shi zai hau moto ya bi rairayi shi kaɗai har ya isa. Ya daɗe a aikin har furfura ta fara fito masa a gemu. Sai masu riƙe da furojen suka ce duk mai taɓa musu injuna sai ya nuna sartifika, wato takardar shaida cewa ya iya. Direktansu, Mushe Hakim (mushe, wato malam), ya kira shi biro, ofishinsa, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in babu takarda kafin a sake sa hannu kan aikin baɗi, babu aiki.

Jarrabawar ba a aji ake yin ta ba. Mutum ne shi kaɗai a ɗaki rufe, ordinatar a gabansa, wani can wata ƙasa yana kallonsa ta kamera. Ba a shigowa, ba a magana, ba a tauna komai, ba a kare baki da hannu. Rezon Tibiri ba shi da tabbas, shi ya sa ya zo wurina Dogon Dutsi. Taki da irin shuka nake sayarwa a bakin kwalta, kuma bayan shagon akwai ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, ga fano mai jan hasken rana a kan rufi, wuta ba ta yankewa. Muka kwashe buhuna, muka share, muka sa tebur da kujera. Ya shiga, na zauna a benci ina gadin ƙofa.

Ko shayina bai huce ba ya fito.

Na ce, "Har ka gama?"

Ya ce, "Su dai suka gama da ni."

Mai kallon ya rubuto masa cewa ya daina karatu a fili. Ya amsa cewa bai fitar da murya ba. Aka sake rubutowa cewa leɓɓansa na motsi, kuma ba a san da wa yake magana ba. Kafin ya ankara, allon ya rufe.

Na yi dariya har na ƙware. "Kai da ko lambar waya in za ka duba sai maƙwabta sun haddace ta? Ai mutumen nan ya yi haƙuri da kai."

Bai rama ba. Taubashi ya ƙi rama zagi, ka san abin ya kai inda ya kai.

Babansa malami ne, bai yarda an kai shi lakwal, makarantar boko, ba sai da ya sauke Alƙur'ani. Ya shiga aji ya girmi kowa, kuma Faransancin ma da muryar makarantar allo ya koye shi, yana rangaji gaba da baya. Haka ya girma. In yana gyaran inji za ka ji shi yana karanta abin da ke kan allo kamar mai tilawa, yana tambaya yana ba kansa amsa.

Aka ba shi dama ta biyu, da gargaɗi. In aka sake kama shi, za a hana shi jarrabawar na lokaci mai tsawo, kuma kafin nan aikin ya wuce shi.

Ya ɗauki hutu, ya kawo tabarmarsa ɗakin ajiya. Karatun ya riga ya yi. Abin da ya rage shi ne ya koyi rufe baki, kuma ni aka ba aikin kallo. Zan zauna gabansa da cokali da faranti, shi yana duba littafinsa, in leɓe ya motsa in buga.

Ranar farko farantin ya sha duka.

Ya ce, "Mani, don Allah, ko numfashi ban yi ba."

"Ka yi. Na ga gemun yana rawa."

"Kai da ba ka san ko A ba, ka zama mushe, malamin lakwal, a kaina."

"Awo. Rufe bakin, ɗalibi."

Ya gwada sa goro a kumatu, sai ya tuna tauna ma laifi ce. Ya gwada cije harshe, harshen ya kumbura. Ya gwada danne haƙora har kansa ya yi ciwo. Da ya ga karatun asuba yana maido masa da hannun agogo baya, sai ya koma yin sa a zuci. Ya daina fita fada wurin shayi, wai hira tana sakin baki. In Zuwaira ta kira, zai ce lafiya lau, a gai da yara, ya kashe. Abinci in na kai masa, ya ci yana kallon bango.

A hankali farantin ya huta. Sai mu wuni ni da shi a ɗaki guda, ba abin da ake ji sai motocin kwalta. Ni na ɗauka nasara ce. Wata rana da la'asar na ce masa, "Ka ga, yau ko sau ɗaya ban buga ba."

Ya rufe littafin. "To tambaye ni mi na karanta."

"Mi ka karanta?"

"Ban sani ba. Idona ya bi layin har ƙasa, amma ba abin da ya shiga. Ni in kunnena bai ji ba, kaina ba ya karɓa." Ya ƙara da cewa, "Ka san in na tafi daji kan moto, ko na zauna gaban inji a ƙauyen da ban san kowa ba, ban taɓa jin ni kaɗai ba ne. Muryar tana nan. Yanzu in na rufe baki, ji nake kamar na shiga gida na tarar an tashi."

Ban iya irin wannan magana ba. Na ce ya daure, saura kaɗan, takarda kawai ake so, in ya samu ya yi ta ihu har Dosso.

Ranar ta zo, da hantsi. Ya yi alwala, ya shiga, ya ja ƙofa. Na zauna a benci. Duk wanda ya nufo shagon sai in ɗaga masa hannu tun daga nesa, in sallame shi da raɗa. Da farko shiru, har na fara sakin jiki.

Sai na ji wani abu kamar ƙudan zuma a bayan ƙarfen. Na kasa kunne. Ya tsaya, ya dawo. Sannan ya fito sosai, muryar Zakariya, da hawa da sauka irin na makarantar babansa, tana jan kalmomin Faransanci.

Na miƙe, na ɗaga hannu zan buga ƙofa. Sai na tuna bugun ƙofa ma soke jarrabawa yake yi. In na buga, ni na kashe shi. In na bari, ya kashe kansa. Na tsaya da hannu a sama kamar wawa.

Daidai nan Hajiya Ajuma mai gonar albasa ta iso sayen taki. Ta saurara, ta ce, "Mani, malam ka ɗauko shina yi maka sauka a ɗakin taki? Kasuwar ta yi zafi haka?"

Na ce, "Hajiya, rage murya."

Ta ce, "To Allah shi karɓa," ta tafi tana cewa za ta dawo.

Na koma na zauna. Muryar ta yi ta tafiya, tana ƙara ƙarfi, har na fara jin yana ba kansa amsa kamar yadda ya saba. Rabon da in ji shi haka tun kafin ya kawo tabarma. Sannan ta yanke a tsakiyar kalma. Na san allon ya sake rufewa.

Ya daɗe bai buɗe ba. Da ya fito, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na ce, "Na ji ka."

"Na sani."

"Ka sani? Duk wahalar da muka sha, ka sani?"

Ya zauna a gefen bencin. "Tambayoyin farko na dube su baki rufe. Na duba, na sake dubawa, kamar ina kallon bango, ga lokaci na tafiya. Na ce in na yi shiru na faɗi, in na buɗe a kore ni. Gara dai in ji mi aka tambaye ni."

"To ka ji?"

"Na ji."

"Sai ka dafa shi ka ci."

Ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa, ya taya ni maida buhuna ɗakin, ya hau moto ya koma Tibiri.

Mushe Hakim ba mugu ba ne. Ya rubuta can sama ya roƙa, aka ce doka ɗaya ce ga kowa. Aka kawo wata Samira daga Dosso, tana da takardar, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta iya aikin. Zakariya ne ya zaga da ita ƙauyukan, ya nuna mata hanyar da ba ta cin taya da wadda ruwa ke yankewa da damina, sannan ya miƙa mata makullin moto.

Ya nemi wani aikin a Tibiri, babu. A Dogon Dutsi masu gyaran waya sun fi wayoyin yawa, kuma duk biro ɗin da ya shiga takardar nan ake fara tambaya. Kafin kaka ya kai Zuwaira da yara gidan iyayenta a Dumega, ya hau motar Agadas. Yanzu yana can gaba, wurin masu haƙar zinariya, yana kafa musu rezo a rumfuna. Can ba a tambayar kowa takarda.

Zuwaira ta haihu bayan tafiyarsa, mace. Ni na tsaya a madadinsa ranar suna, ni na riƙe ragon. Yarinyar ta fara tafiya yanzu, kuma Zakariya bai taɓa ɗaukar ta ba.