Ƙararrawar Eschrode

Tambarin gundumar yana da hasumiya uku, na garuruwanta uku, da 'yar ƙararrawa a ƙasansu. Ƙararrawar ta cocin Eschrode ce, ƙauyen da aka nutsar lokacin gina madatsar ruwa. A can aka haifi Waltraud Rösler, kuma mahaifiyarta ce ta ɗinka tutar farko mai ɗauke da tambarin da hannu. Ban da tambarin nan, babu inda ƙauyen ya rage a doron ƙasa.

Bana majalisa ta ce za a sabunta tambari, a cire ƙararrawar, wai ta cika wuri. Waltraud ta rubuta wasiƙa uku, ko kallo ba ta samu ba. Don haka ranar bikin cikar gunduma shekara hamsin ta yi shigarta ta coci, ta nufi rumfar taro da niyyar nuna wa shugaban gunduma tsohuwar tutar ido da ido.

Ta leƙa inda aka saba rataye ta, wayam. A teburin giya ta same ta, an shimfiɗe ta ƙarƙashin ganga tana tsotse kumfa, ga maiƙon tsiran alade ya yi mata dabbare-dabbare. Abin da ya fi ƙona wa Waltraud rai, mai zuba giyar Ottmar ne, wanda suka yi aji ɗaya a Eschrode.

"Ottmar, ba ka da kunya? A cocin mai ƙararrawar nan aka yi maka baftisma."

"Haba Traudl, tsumma ne fa," ya ce da sunanta na yarinta, yana goge hannu da gefen tutar. "Kifi ma ya manta da cocin, sai ke."

Ta fizge tutar, kofuna suka tarwatse. Ta ratsa mutane tutar na ɗigar giya har gaban shugaban, wani ɗan gayu da aka haifa bayan ruwa ya ci ƙauyen, ta baje masa ita a kan farantinsa.

"Dubi abin da za ku cire."

Ya duba da ladabi, bakinsa cike da tsiran alade.

"Madam Rösler, ƙararrawa ce ashe? Shekara shida ina sa hannu a ƙarƙashinta, na zaci kofin giya ne aka kife."

Mutanen teburin suka kwashe da dariya. Waltraud ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Biyar daga cikinsu 'yan Eschrode ne, kuma su suka fi kowa dariya.