Gemun Rijiya

"Ba zan faɗa ba, mon ajidan."

Zara'u na tsaye a ƙofar ɗakin shan magani na wani ƙauye gabas da Korgom, farar rigarta duk tabo. Ajidan Ishaƙu, sojan da aka turo rabon hatsin taimako a shekarar farin nan, ya dube ta kamar bai ji ba. Abu kaɗan yake so, in ji shi. Ranar kasuwa manya za su zo, ta ɗauki lasifika ta ce ta gwada gemun rijiya, yana maganin zawo. In ta faɗa, zai sa baki a tura ta Yamai ƙaro karatu, abin da ta daɗe tana nema.

Gemun rijiya wata 'yar ciyawa ce mai tattausan ganye, ba ta fure, tana fitowa a bangon tsohuwar rijiyar ƙauyen inda rana ba ta kai. Da zawo ya shiga yaran masu gudun yunwa, ƙwayoyi suka ƙare, sai Gwaggo Hajara ungozoma ta kawo ta ƙulle a bakin zane, ta ce ita kakanninsu ke dafawa.

Zara'u ta yi yadda aka koya mata a lakkol, makarantar aikin jinya, ta raba yaran gida biyu. Rumfar gabas ruwan gishiri da sukari da dafaffen ganyen, rumfar yamma ruwan gishiri da sukari kaɗai. Ta yi ta zirga-zirga tsakaninsu har ƙafafunta suka kumbura. Wasu yaran suka miƙe, wasu aka kai su makwanci, nan da can kusan daidai.

Wata safiya ta ga Safi, ɗaya daga matan rumfar gabas, ta nufi yamma da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi.

"Safi! Me ke ciki?"

"Maganin ne, malama. Ɗan Hawwa zan kai wa."

"Ba na ce ku kaɗai ba?"

"Haba malama, ɗana na sha, nata na kallo? Da wane ido zan dube ta? Ai tun ran farko muke rabawa. In bai isa ba mu tsarma ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na tabki mana."

Kanta ya ɗaure. Kowa ya sha ke nan, ba kuma wanda ya sha yadda ta auna. Ganyen ya tada waɗanda suka tashi, ko gishirin? Ruwan tabkin ya kashe sauran? Ta nemi Gwaggo Hajara.

"Gwaggo, tsakani da Allah, yana yi?"

"'Yar nan, wani ya sha ya tashi, wani Allah ya karɓi abinsa. Ni na ɗauka ke za ki gaya mani."

Duk wannan ta zayyana wa ajidan a ƙofar nan.

"Yaran sun warke ko ba su warke ba?" ya ce.

"Wasu sun warke."

"To!"

"Wasu sun mutu."

"Ba ya yi ke nan?"

"Ban sani ba."

"Duk karatun naki, madamwazal, ban sani ba kika kwaso?"

"Shi na kwaso. In na ce yana yi, uwaye za su yar da ruwan gishiri su kama ganye. A bar ni in sake gwadawa."

Ranar kasuwa ajidan ya ɗauki lasifikar da kansa, ya ce an gwada ganyen, yana yi. Kafin la'asar samari sun shiga rijiyar da igiya, sun kankare bangonta ƙaf, ba a bar ko saiwa ba da za a sake gwaji da ita.

Gurbin karatun Yamai aka ba wata daban. Zara'u kuwa aka cilla ta wani ƙauye arewa da Mayahi, inda mota ba ta zuwa, ta yi shekaru tana dama ruwan gishiri da sukari. Karatun bai sake zagayowa kanta ba, kuma har yau ba ta san ko ganyen yana yi ba.