Amin ɗin Ɗanlami

A ƴar majami'ar da ke bayan kasuwar Cadawa babu wanda ya kai dattijo Ɗanlami ƙarfin "Amin". Ko gyangyaɗi yake, da ya ji jama'a sun buɗe baki sai tasa ta danne ta kowa.

Ran Lahadin nan ma gyangyaɗin yake. An yi ruwan shuka, jiki ya mutu. Fasto yana karanta la'anonin da aka umarci mutanen dā su amsa da baki ɗaya, ya ce ikilisiya ma ta riƙa amsawa. Ɗanlami ya zabga "Amin!" har kwanon rufi ya amsa, sannan kunnensa ya kawo masa abin da ya amsa wa. La'ana ce a kan duk wanda ya matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa.

Barci ya gudu. Bara, da ƙanensa Audu yake ci-rani a Aljeriya, Ɗanlami ya tumɓuke gambar da mahaifinsu ya dasa a tsakanin gonakinsu, ya matsar da ita cikin ta Audu, ya bi sabon layin da yakuwa don kada a ga tabo. Ko Tala matarsa ba ta sani ba. Ga shi yau da bakinsa ya sa hannu, a gaban Allah, da muryar da ta fi ta kowa.

Ya ce a ransa yana iya janyewa. To, ta yaya ake janye amin?

Sai aka yaye farin ƙyallen da ke kan tebur. Ashe yau ranar Jibin Ubangiji ce, ranar da ake shan kofin tunawa da jinin Almasihu. Fasto ya yi gargaɗin da ya saba, cewa kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya kai hannu, don akwai waɗanda suka sha da rashin cancanta suka yi ciwo, wasu ma suka yi barci. Ɗanlami ya daɗe da sanin wane irin barci ake nufi. Ba na benci ba ne.

Tala ta miƙo wuya daga layin mata, tana fara'a, ta raɗa masa: "Maigida, zoɓon yau namu ne. Na yakuwar nan taka ta bakin iyaka na dafa wa ikilisiya."

Tiren yana tahowa, ƴan kofuna jajaye suna rawa a kai. Saura mutum uku. Saura biyu. Ya ji harshensa ya yi nauyi, yatsunsa na hagu sun fara sanyi. Haka aka ce cutar shanyewar jiki ta fara wa babban wansu kafin ya faɗi. In ya sha, ya sha satarsa da sunan jinin Almasihu. In ya ƙi, duk Cadawa za ta tambayi dalili.

Da tiren ya iso gabansa sai ya miƙe, ya ratsa mutane ya fice, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya biya gida ya ɗauki hauya. Duk hanya yana cewa, "Ya Ubangiji, bari in kai tukuna."

Ya tarar da Audu a gona yana shuka. Audu musulmi ne, Lahadi ba ta hana shi aiki.

"Yaya, lafiya? Ba yau ce ranar hutunku ba? Ina ɗayan takalmin?"

"Audu, na ci maka iyaka. Taku uku. Na zo in mayar."

Audu ya ajiye ƙwaryar iri, ya dube shi sama da ƙasa.

"Huɗu ne, Yaya. Na auna tun ran da na dawo."

"Ka sani? Don me ba ka kai ni gaban mai gari ba?"

"Na ce ai kai ma kana da Allah."

Ɗanlami ya durƙusa a gindin gamba.

"To ka yafe, don Allah, kafin in faɗi."

"Ba za ka faɗi ba. Fara tonawa, ina ƙirga maka."