Kwandala Ɗaya ga Don Eulogio

"Karɓi mana, Nélida, hannuna ya gaji," in ji maƙwabcina, Don Eulogio.

Yana kwance a gadon da ƙanwarsa Herminia ta sa aka jawo masa bakin taga. Wuƙar na kan tafinsa, ya juyo da ƙotar wajena. Na mai da hannuwana baya kamar yarinyar da za a ba magani.

"Ba ni da kwandala."

"Jiya ma haka kika ce."

"To ƙarya na yi? Wa ke da kwandala a garin nan na Tandil yanzu? Mai burodi ma alewa yake ba ni canji."

"Tsohuwar marowaciya," ya ce. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Mu a nan ba a karɓar wuƙa kyauta. Sai ka miƙa wa mai ba ka kwandala, ko ta peso ɗaya ce, in ba haka ba kaifin ya yanke abin da ke tsakaninku. Herminia ta zaro takardar kuɗi daga aljihu ta ce in ba shi a huta. Ya harare ta, ya ce takarda ba ta yi, sai ƙarfe.

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gudumarsa ta faɗo mini da kofuna daga kanta ba adadi, ni kuma na zage shi ba adadi, da yamma kuma mu zauna a ƙofar maƙerarsa muna miƙa wa juna ƙoƙon shayinmu na mate. Aikinsa kwaikwayon wuƙaƙen da jiragen ruwa suka riƙa kawowa daga Turai zamanin kakanni, ana musayarsu da fatun shanu. A kawo masa guntun ƙarfe mai tsatsa ko tsohon hoto, ya ƙera sabuwa sak.

Babana mai kora shanu ne, yana da irin wannan wuƙa da ya gada. Ta faɗa masa a rafi ina 'yar shekara tara, kuma ranar ce kaɗai na ga hawayensa. Bayan mijina ya rasu na ba Eulogio labarin, don hira kawai. Ashe na ɗora wa mutumin kaya. Shekara huɗu yana leƙowa ta katanga.

"Doña Nélida, ƙusa nawa ne a ƙotar, uku ko biyar?"

"Ina na sani? Ka bar ni in yi shanya."

"Bakin fa, miƙaƙƙe ne ko ya ɗan ranƙwafa?"

Ya ƙera uku ya jefar. Ta huɗun ya gama ta ne bayan likita ya gaya masa halin da huhunsa ke ciki.

Gaskiyar magana, ba kwandala na rasa ba, ban ma nema ba. Wata dabarar banza na ƙulla a raina. Eulogio bai taɓa barin aiki a hannunsa ba, saboda haka muddin ban karɓa ba aikin bai ƙare ba, dole ya jira ni. Tsoro nake ji, tsoron da ban ji ba ko a jinyar mijina.

Kwana takwas ina wannan wasa. A na tara da hantsi na kai masa romon kaza, Herminia ta tare ni a kicin ta turo ƙofa.

"Ke wai me ke damunki? Kin san abin da ya ce mini da safe?"

"Me ya ce?"

"Wai in ɗauke shi in kai shi maƙera. Wai wuƙar ce ba ta yi kama ba, kina jin nauyin faɗa masa ne. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, Nélida!"

Ban san inda na ajiye kwanon ba. Wuƙar da tun ranar farko na gan ta na ji kamar babana ne ya shigo ɗakin. Na fita da gudu, takalmi ɗaya ya cire a ƙofar gida na bar shi. Na zazzage aljihun rigunan mijina, na juye akwatin takardu. A gwangwanin maɓallai na same ta, ƙaramar kwandala da ta yi baƙi. Duk abin bai kai minti goma ba.

Da na dawo Herminia na tsaye a bakin ɗakin, ta toshe bakinta da gefen riga. Ta matsa mini.

Fuskarsa na kallon taga, ƙirjinsa ba ya motsi. Wuƙar na kan bargo, kusa da gwiwarsa. Na durƙusa, na buɗe tafinsa da guduma ta sa ya yi kanta, da sauran ɗumi, na sa kwandalar.

"Ita ce, Eulogio," na ce. "Wallahi ita ce. Ba abin gyarawa."

Na naɗe masa yatsun a kanta, na saki. Suka buɗe a hankali. Na sake naɗewa, na riƙe da hannu biyu. A titi mai sayar da gas yana wucewa yana busa ƙaho, ni kuma ina nan durƙushe da takalmi ɗaya.